Ranar da Na Yi Barci a Bakin Injin Auta

Akwai wani yini na bazara da ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ba a yi mutuwa ba a ranar, ba a yi haihuwa ba. Barci kawai na yi a zaune, ni da duk unguwarmu a Bodinga aka sani idona ba ya rufuwa a kan ɗa.

Mijina maƙeri ne. Da Allah ya yi masa rasuwa, autana ya gaji rumfar ƙirar, amma bai gaji haƙurin zama gaban zuga-zugi ba. Ya tafi birni ya yi 'yan shekaru a wani wurin aikin ƙarfe, ya dawo mana da tsohon inji a bayan mota, baƙi wuluk, ya fi mutum tsawo, da ƙaton wili a kafaɗarsa. Ya ce murafen tukwane zai riƙa bugawa, masu zubin tukunya na kasuwar Shagari suna so.

Da aka kafa shi na je gani. Ni dai turmi da taɓarya na gani, sai dai na ƙarfe. Auta ya yanka fallen ƙarfe kamar faifai, ya ɗauki guda da yatsunsa ya ajiye a cikin turmin, ya janye hannu, ya taka wani abu da ƙafa. Taɓaryar ta sauko, dum, ta koma sama. Ya sake sa yatsu ya zaro murfi sumul, har da ɗan tudunsa na tsakiya. Mutane suna ta mamaki. Ni hannunsa nake kallo.

Na ce, “Auta, da hannu aka ba abin ga abinci?”

Ya yi dariya. “Inna, sai na taka shika sauka. In ban taka ba, ko shekara za ya yi baki buɗe.”

“Ƙahwar taka da hannun naka, ciki guda munka kwana da su. Na san halinsu. Ranar da ɗaya ta riga ɗan'uwanta fa?”

Sai ya shiga ba ni labarin inda ya koyo aiki. Wai can ƙarfen nannaɗe yake zuwa kamar tabarma, wasu gare-gare biyu su kama bakinsa su riƙa jan sa cikin injin kaɗan-kaɗan, ba mai kai hannu kusa. Wani wurin kuma doguwar tsagar ƙarfe ake turawa daga gefe, ta daki wani ɗan tokari ta tsaya, a buga, a ƙara turawa. Na ce to shi me ya hana shi. Ya ce wancan sai manya, nasa faifai ɗai-ɗai ne, kuma hannu ya fi sauri.

Na ɗaga masa hannuna na hagu. Ya san yatsan nan da ya karkace tun yana goye, amma bai taɓa tambaya ba, ni kuma ba mai yawan labari ba ce. A garinmu Mandera aka yi mini shi ina budurwa. Mu uku muke lugude a turmi ɗaya, ni ce mai sa hannu in juya geron tsakanin taɓarya da taɓarya. Ba ranar da nake koyo taɓarya ta same ni ba. Sai da na gwanance, sai da dakan ya yi daɗi har muka fara waƙa, hannuna yana shiga yana fita ban ma san yana yi ba.

Washegari na ciro awartakin ubansa daga inda na rataye shi a ɗakina, dogon nan da yake kama jan ƙarfe da shi, na kai masa. Na ce da wannan za ka ba shi, da wannan za ka karɓa. Ya ɓata rai, ya ce aikin yini zai koma na kwana biyu. Na ce ya koma na wata.

Ya karɓa, don ba a yi mini musu. Amma gidanmu ba nisa da rumfar, kuma kunnena lafiya lau yake. In da awartaki yake aiki, injin yakan yi dum, ya numfasa, ya yi dum. In na juya baya na shiga gida, sai in ji ya koma dum-dum-dum kamar ana korar sa. Saboda haka na ɗauki tabarmata da carbina na tare a rumfar. Kullum da hantsi ina nan jingine da ginshiƙi, idona a kan hannunsa.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya samu abin tsokana. Da ya hango ni sai ya ce, “Auta, gyara zama, ga mai duba gari nan ta iso.”

In ce, “Kai dai ji da allurarka, ɗan nema. Jiya wandon da ka ɗunka wa liman ƙahwa guda ta hi guda.”

Haka muka yi ta tafiya har bazara ta kai ƙarshe. Ranar da nake faɗa, bayan azahar ne. Hadari ya taru ta gabas ya ƙi saukowa, iska ta tsaya cik, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Kasuwar Shagari ta matso, faya-fayan ƙarfe jibge a gefen Auta. Rana ta sami wata 'yar ɓula a rufin rumfar ta sauko a kan murafen da ya gama, haskensu yana yawo a jikin kwano kamar ruwa. Wilin yana juyawa. Dum. Awartaki ya shiga, ya fito. Dum. Ina jan carbi ina kallo, ina jan carbi ina kallo.

Ban san lokacin da rumfar ta buɗe ba. Sai ga ni a tsakar gidanmu na Mandera, ƙarƙashin tsamiyar da aka sare tun kafin a haifi Auta. Ƙasa a jiƙe, an yi ruwa da safe. Ƙawayena biyu suna daka, waɗanda duk sun riga ni tafiya, ga su da kitsonsu sabo, suna jefa taɓarya sama suna tafawa. Innata tana zaune a bakin ɗaki tana sheƙa, ƙaiƙayi yana tashi a hankali yana tsayawa a iska ba ya faɗuwa. Daga nesa fadama kore shar, balbelu sun sauka a bayan shanu. Na durƙusa na sa hannu a turmin. Geron da ɗumi. Na duba yatsuna, duk a miƙe suke. Taɓarya tana sauka a gefensu tana tashi, ba ta taɓa ni, ni kuma ba na jin tsoron komai. Innata ta ɗago ta kira ni da sunan da ba wanda ya sake kira na da shi tun da ta rasu. Na buɗe baki zan amsa.

Ƙarar da ta tashe ni ba dum ba ce. Wani ƙas ne mai tsini, kamar an fasa dutse a cikin kaina.

Auta yana tsaye, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu a ƙirji. Wilin yana ta juyawa abinsa. Telan ya faɗo rumfar da almakashi a hannu, shi ya kashe injin. Ban tuna yadda na tashi ba, ni da sai na dafa ƙasa. Na kama hannun na buɗe shi da ƙarfi. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya ina latsawa, kamar yadda na yi ranar da ungozoma ta miƙo mini shi. Duk suna nan.

Awartakin yana cikin bakin injin. Ƙarfen da ya yi shekaru yana shiga wuta bai lanƙwashe ba, ga kansa ya baje kamar ganyen kuka.

Da numfashina ya dawo, hali ya dawo. Na ce, “Ina hankalinka ya tahi?”

Ya sunkuyar da kai. “Ke nika kallo, Inna.”

“Ni ce injin?”

“Kin yi kwana. Na ce bari in aje awartakin in yi sauri kahin ki tashi. Sai na ga kina murmushi. Ban taɓa ganin kin yi irinai ba. Na san in sautin ya sake za ki falka. Shi ya sa ban aje ba. Ina ta yi a hankali ina kallonki, har ƙahwata ta riga ni.”

Na riƙe hannun nan dai ban saki ba, har ruwan da ya ƙi saukowa ya fara buga kwanon rumfar.

Murafen ba su je Shagari ba a wannan kasuwar. Auta ya yi kwanaki yana aune-aune, ya ƙera wani abu kamar indararo ya kafa a gaban injin. Daga can sama yake sakin faifan, ya sulalo da kansa ya zauna a turmin. Ya kewaye bakin da raga, ya bar 'yar kafar da ƙugiya kawai ke shiga ta jawo murfin. Ko ya so kai hannu yanzu, ba hanya. Ban sa shi ba, kuma ban yaba masa a gabansa ba, amma na naɗe tabarmata na koma gida.

Awartakin yana rataye a ɗakina da bajajjen kansa. In na dube shi nakan tuna abin da ranar ta koya mini da tsufana. Ido komai kaifinsa na ɗan Adam ne, zai gaji ya rufe, don haka abin da zai tsaya tsakanin hannu da bakin inji ya zama abin da ba ya gyangyaɗi. Na kuma gane cewa duk shekarun da na yi ina tsare yaron nan da harara, ba ita ta riƙe masa awartaki a ranar ba. Yanzu in na ji dum daga tsakar gida, nakan gyara filo in rufe idona.