Jirgin da Bai Taka Fako Ba

A zaurena akwai jirgin sama rataye da igiya a jikin azara. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai ya tambaya ko yana tashi. Nakan ce masa ya zauna a kawo ruwa. Ba rowar amsa nake yi ba. Amsar ce ke da tsawo, kuma in na fara ta raina ɓaci yake yi.

Sana'ata gyaran rediyo da tele, daga baya da salula, a wata 'yar rumfa bakin kasuwar Dakoro. Jirgi kuwa ciwo ne da na ɗauko tun ina yaro. Da kara na fara kamar kowa, sai dai su kowan sun girma sun bari, ni ban bari ba. Da na ga yadda ake ƙera masu tashi da gaske a cikin salula, shi ke nan, na samu abin yi. Farin soson nan da ake cusawa cikin kwalin firij, shi nake bi kanti kanti ina roƙa. In yanka da reza, in goge, in sa tsinken tukurwa a tsakiyar fiffike don kada ya lanƙwashe, in naɗe da skoc, wato salatif. Moter, wato injin, da batir da telekomand ɗin da ake tuƙa jirgin da ita daga ƙasa, wani direba mai zuwa Kano ke sayo mini ɗaya bayan ɗaya, in ya ga dama.

Ƙera jirgi ba shi ne wahala ba a garinmu. Wahalar ita ce inda za ka tashe shi. Ƙasarmu rairayi ce. Taya na nutsewa, farfela na kwasar yashi tana ɗura wa moter, jirgi ya kifa da hanci tun bai je ko'ina ba. Wuri ɗaya na sani da ba haka yake ba, kuma na mahaifinmu ne: wani fako a kan hanyar Kornaka, jar ƙasa mai tauri, shafaffiya kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama ba ya shigarta, bi ta kai yake yi ya wuce. Ko ƙaya ba ta fitowa a wurin. Mahaifinmu ya ce kakanmu ya taɓa noma ta, amma shi tun da ya yi wayo bai ga zangarniya ɗaya a kanta ba.

Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gonaki, Baffanmu, ƙanensa, shi ya riƙe igiyar awo. Aka fitar wa mata nasu. Saura jigawa mai kyau wadda ke ba da hatsi da wake, da kuma fakon. Baffa na shirin raba jigawar biyu tsakanina da yayana, na ce a bar wa Yaya ita duka, a ba ni fako.

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai, lahiyarka ƙalau? Mi za ka ci a hilin nan, tsakuwa?"

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baffa ƙyale shi. Filin jirgi za shi buɗe muna, mu huta da motar Maradi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka shafa fatiha a kan haka, gaban shaidu. Matata ta yi mako ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, ba zan ɓoye ba. In na idar da sallar asuba sai in ɗaure jirgi a bayan moto, wato babur, in tafi, don da rana ta ɗaga iska ke tashi, kuma jirgin soso ba ya jayayya da iska. In ɗora fiffiken a kan yatsu biyu in ga ko nauyi ya daidaita, in hanci ya yi sama in tura batir gaba kaɗan. Sai in jefa. Wanda bai taɓa riƙe telekomand ba ba zai gane ba: abu ne ka yanka da hannunka daga shara, ga shi can sama ya zama ɗigo, ka taɓa ƙarfe da babban yatsa ya juyo. Shirwa kan biyo shi tana shawagi a bayansa, ta rasa ko nama ne. Na karya jirage ba adadi a fakon nan. In kwashe gutsattsarin in kai gida in liƙa, gobe in koma.

Duk waɗannan ƙanana ne, na jifa da hannu, masu sauka da ciki. Burina babba ne mai taya, wanda zai yi gudu a ƙasa ya ɗaga da kansa, ya dawo ya sauka kamar na gaske. Na fara shi a hankali. Fiffikensa ya fi buɗin hannuwana biyu. Tayoyin daga tsohon silifa na yanka su. Na share masa layi a tsakiyar fakon, na tsince duwatsu ɗaya ɗaya, na cike 'yan tsage-tsage da laka. Komai ya kammala sai moter. Ƙananan da nake da su ba za su ja shi ba, babban kuwa direba kullum sai ya ce kasuwa mai zuwa.

Ana cikin haka furoje ya shigo yankinmu, wani shiri na raya matattun ƙasashe. Dabararsu rabin wata: a haƙa rami mai siffar jinjirin wata, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa, a zuba taki. In an yi ruwa sai ya tsaya a ciki maimakon ya gudu. Wanda ya haƙa kuma ana ba shi hatsi da mai. An yi a wajen Sabon Maci mutane sun ga ciyawa ta fito inda ba ta taɓa fitowa ba. Shekarar kuwa damina ta yi gardama, rumbuna babu komai.

Wata safiya Yaya ya zo rumfata. Shi da bai taɓa zama a bencina ba, ran nan ya zauna har ya tambayi lafiyar jirage.

Ya ce, "Ƙanena, aron hilin nan naka ni ka so. Ɗiya sun yi yawa, jigawa ta gaji. Mutanen furoje sun ce in akwai mai fako shi kawo."

A wurinmu ba a hana ɗan'uwa aron gonar da ke zaune ba a noma ta. Wanda ya hana, har jikokinsa sai an goranta musu. Aron kuma yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani: mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, kuma duk kaka yana kawo wa mai gona dami ɗaya na hatsi. Damin ba haya ba ne. Shaida ce, don kowa ya gani ya tuna gonar ta wane ce.

Na ce, "Yaya, na ba ka. Amma layin da na share a tsakiya, a bar mini shi."

Ya ce, "Haba! Ɗan wanga siririn abu? Ko ka ce in yi maka shinge sai in yi."

Daga baya muka je muka yi wannan magana gaban Baffa. Na maimaita ta sau biyu har Baffa ya ce ya ji, ba kurma ba ne.

Aka fara haƙa daga gefen gabas, maza da mata, da digogi da shebur. Ina zuwa ina gani, layina na nan. Sai direba ya kira ni ya ce moter ya iso Maradi, yana hannun wani mai kanti. Na hau mota da murna kamar ango. Da na je mai kantin ya yi tafiya, na kwana, na sake kwana, har dai ya dawo. Na karɓi moter ɗin, na naɗe shi a hula na sa a aljihun gaba, hannuna na kansa har Dakoro. Ban ma shiga gida ba na wuce fako.

Babu layi. Rabin wata ne jere bisa jere, daga wannan baki zuwa wancan, kamar ɓawon kifi. Duwatsun da na tsince na tara a gefe, da su aka danne bayan ramukan. A cikin kowane rami kuma an dasa 'yar dakwara, itacen ƙaro, tsawon ɗan yatsa, an kewaye ta da ƙaya.

Na samu Yaya a can yana zuba taki. Ban yi masa sallama ba, Allah Ya yafe mini. Na ce ina alkawari?

Bai ko ajiye kwandon ba. Ya ce, "Mai awon furoje ya ce in an bar layin, ruwa nan za shi bi shi kwashe ramun da ke ƙasa. Ruwa bai san hanyar jirgi ba, ƙanena. Mi ka so in yi?"

Na ce, "To itacen fa? Mai aro na dasa itace?"

Ya ce, "Ni ban dasa ba. Su sunka kawo."

Na kai ƙara wurin Baffa. Tsohon ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Furoje ya dasa, ba yayanka ba. Kuma kai yanzu so kake in tara mutane in ce su cike ramun da ke ba su hatsi, don ƙato da gemu shi yi wasa? Ka ji tsoron Allah."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, har yau. Ba ni da bakin magana. Da gonar hatsi aka cinye mini, da gari duka ya taya ni. Amma wa zai tsaya wa mai kukan filin wasa a shekarar yunwa? Ni kaina in na faɗi maganar da ƙarfi sai in ji ta kamar ta mahaukaci. Gaskiyata ce, gaban shaidu, amma gaskiya ce da ba ta da kunyar fita kasuwa.

Na nemi wani wuri. Filin ƙwallon lakwal, wato makarantar boko, yashi ne har idon sawu. Gudron ɗin Maradi, wato titin kwalta, na da santsi, amma manyan motoci ba sa ɗaukewa, kuma a irin zamanin da muke ciki babu mai hankalin da zai tayar da abu mai tashi kusa da hanyar da masu kaki ke bi. Wani ya ce akwai fako wajen Mai Yara. Na je na tarar su ma sun haƙe nasu. Na ɗaura moter a jikin jirgin duk da haka, na rataye shi a zaure, na ce kafin wani lokaci.

Damina ta zo, ramuka suka riƙe ruwa, hatsi ya fito. Ya fito kuwa, ba ƙarya. Da kaka Yaya da kansa ya kawo dami a amalanke, ya sauke a ƙofar gidana da rana tsaka mutane na gani. Matata ta sussuka ta daka ta dama fura. Na ce ba na sha. Ta ce, "Maigida, hatsin bai yi maka laihi ba." Washegari na sha. Furar ta yi daɗi, kuma daɗin nata ya ƙara mini haushi.

Kaka ta biyu aiko damin ya yi. Ta uku ma ya zo, sai dai ya rame. Daga nan ban sake gani ba. Ban aika tambaya ba, shi ma bai aiko da dalili ba. Muna gaisawa a masallaci, muna zama tabarma ɗaya wurin suna da biki. A wurin wani suna ne na ji shi yana ce wa wani baƙo, "In ka tashi komawa ka biya ka ga gonata ta hanyar Kornaka, ka ga ikon Allah." Baffa na zaune a gefensa yana tauna goro. Ya dube ni, ya kau da kai.

Na je na gani, ni ma. Dakwarar ta wuce kaina, har an fara tsaga ta ana ɗibar ƙaro. Ƙasa ta yi baƙi, ciyawa ko'ina, awaki na kiwo. Na yi ta zagaye ina neman inda layina yake, ban gane wurin ba. Wanda duk ya ga gonar zai sa wa Yaya albarka, kuma ya cancanta. Ni kaɗai ne a Dakoro na tsaya cikin wannan kore ina jin kamar an yi mini sata.

Kwanan baya matata ta ce in sauke jirgin ta share yanar gizo, zanzaro ma ya yi gini a hancinsa. Na sauke. Na fasa ginin zanzaron, na hure moter, na sa batir a caji, ban san dalili ba. Da ya cika na fito da jirgin tsakar gida, na ajiye shi bisa tayoyinsa na silifa, na tsaya a bayansa na tare jelar da ƙafafuna. Na tura ƙarfen telekomand a hankali har ƙarshe.

Kaji suka watse. Zanin da ke kan igiya ya tashi. Jirgin ya yi ta ja, yana kaɗawa, yana dukan ƙwaurina da jela yana neman in sake shi, ga bangon gida a gabansa. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina wataƙila ma ya yi nauyi, wataƙila moter ɗin bai isa ba, da hakan nake lallashin zuciyata. Ran nan na ji ƙarfinsa a ƙafata.

Na kashe, na mayar da shi jikin azara. Matata ta tambaye ni ko lalacewa ya yi. Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau. Wallahi da ya tashi.