Tsokar 'Yata Tana Hannunsu

Ni ban yi boko ba, amma Hausa a nono na sha ta. A wurinmu nan Yakasai, in an ce za a yi wa mara lafiya bincike, to dubawa ce, bayan dubawa kuma sai magani.

Da ciwon daji ya kama babbar 'yata a nono, muka yi ta zaryar asibiti. Rannan wata likita ta zaunar da mu, ta ce sun haɗa hannu da masana, na nan da na ƙasashen waje, suna roƙon 'yar tsoka daga abin da za a yanke mata, don bincike.

Na ce, "Bincike? Ɗiba, 'yar nan, har ki gaji!"

'Yata ta yi dariya, ta ce, "Inna, kin mai da ni ragon layya."

Muka koma gida muna jiran maganin da zai biyo baya. Damina ta zo ta wuce. Ciwo ya ci, ya ci, har aka fita da ita a makara.

Bayan sadakar arba'in na koma asibitin na tambayi ina maganin. Likitar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Hajiya, ai mun yi bayani. Irin wannan binciken sai an yi shekara da shekaru kafin ya zama magani."

Bayani! Da wace Hausar? Yarinyar da na binne cibiyarta da hannuna a bayan ɗaki, ga shi an rufe ta da giɓi, tsokarta tana cikin firji a garin da ban san alƙiblarsa ba. Da sun ce sadaka ce ga 'ya'yan wasu, wallahi da mun bayar. Amma a bar mutum ya san sadaka yake yi.

Bana ƙanwarta ta ji ƙullutu a hammatarta. Na so in rantse ba za ta taka asibitin nan ba. Na kasa, ita kaɗai ta rage mini.

Na riƙe hannunta muka je. Likitar nan ce dai. Ta ce, "Za mu fara da bincike."

Na buga sandata a ƙasa. "Wanne? Na mutanen gobe, ko na wannan da ke gabanki? Naman gidanmu yana hannunku. In ya koya muku wani abu, ga inda za ku fara."

Ta ce na magani ne.

Na ce, "To faɗa mini da Hausar Yakasai, a hankali."

Ban saki hannun yarinyar ba sai da ta gama.