Jirgin da Ya Tafi da Kaya

Ɗazu ina shanya a gidanmu na Ƙofar Rini, jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa har kwanon ɗaki ya ɗauki rawa. Gabas ya nufa, wajen ƙauyen da Inna ta tafi biki jiya, kuma wayarta ba ta shiga.

Sai kakana ya faɗo mini a rai. Yana saurayi, lokacin yaƙin Turawa, ya yi aiki a Takoradi, wani gari can bakin teku, inda ake haɗa jiragen jefa bam. Gunduwa-gunduwa ake kawo su cikin akwatuna, su kuma su ɗaura fukafukai. Sifana ta bar masa kanta a tafin hannu har tsufa.

Wata rana muna shan fura a zaure, ƙamshin man zafin gwiwarsa ya cika wurin, sai jirgin soja ya wuce. Ya ajiye ludayi, ya kasa kunne, ya ɗaga hannuwa.

Na ce, "Tsoho, direban kake yi wa addu'a?"

"A'a, amarya. Shi ya san inda za shi. Na ƙasa nika roƙa ma, su ba su sani ba. Kin ji wanga gurnani? Da kaya yat tahi. In kin ji ya dawo sakayau, ya sauke ma wasu."

Ran nan dariya na yi.

Yanzun nan jirgin ya dawo, kuma sakayau na ji shi. Allah ka jiƙan Tsoho, ka haskaka kabarinsa, ka sa Inna na cikin waɗanda ya roƙa wa. Bari in sake kira.