Iyatu Mai Aikin Taga da Ƙaryar da Na Yi Mata

Da gari ya waye sosai, Yaya Iyatu takan jawo tabarma zuwa gindin katangar da rana ke fara haskawa a gidanta na unguwar Tahaggart, a nan garinmu na tsakiyar hamada. Takan wanke hannu sau biyu da sabulu, ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ta ajiye allura biyu marasa tsini da ɗan almakashin da bai wuce tsawon yatsa ba. A garin da ba a fara hira sai an ɗora shayi, ita ba ta kurɓarsa sai ta naɗe aiki, don ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata wahalar wata guda. Shekara goma sha tara ke nan haka take yi. Yanzu ido ya raunana, likita ya ce ta ajiye allura, kuma bayan sallar layya za ta koma Damagaram wurin 'ya'yanta.

Ni ne Tijani mai surfani, wanda ke ɗinkin wuyan riga a kasuwa. Yabon mutane ba halina ba ne. Amma akwai maganar da na taɓa yi a kan matar nan, ƙarya ce, kuma ba na so ta hau mota da ita a kanta.

Turawa suna kiran aikinta Hardanga, sunan wani yanki ne a ƙasar Norwe. Mu nan aikin taga muke ce masa, saboda 'yan ramukan da ake buɗewa a jikin ƙyallen. Ta koya ne a 1988, lokacin tana wanki a wani masaukin 'yan yawon buɗe ido. Wata tsohuwar Baturiya ta gurɗe a ƙafa, ta yi mako uku a zaune, ba Hausa, ba Larabci, Faransancin ma kaɗan. Da yatsa ta koya mata. Mako uku! Ni na yi shekara talatin ina cin yatsuna da allura, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini komai, kuma ban taɓa fitar da abin da mutum zai tsaya ya yi shiru a gabansa ba. Ita an yi mata shirun nan a gabana ba sau ɗaya ba.

Mu masu surfani zane muke yi da alƙalami, sannan mu bi layi. Ita ba ta zana komai. Ƙirga zaren ƙyallen take yi: ɗinki biyar a kan zare huɗu, da zare mai kauri, ya ba da ɗan murabba'i da take kira tubali. Kowane tubali dole ya sami ɗan'uwansa yana fuskantarsa a ɗaya gefen. Sai an gama jera su take ɗaukar almakashi ta yanke zare huɗu, ta zare su, ta bar huɗu. Waɗanda suka rage takan naɗe su ko ta saƙa su da siririn zare, a cikin ramin kuma ta ɗinka abin da take kira idon kurciya. Asalin aikin fari ne a kan fari. Ita ce ta fara rina siririn zaren da ganyen shayi, ya fito ruwan ƙasa kamar rairayin ƙorama, ko da lalle, ya yi jan duwatsun nan namu. Wata mata daga ƙauyen Mertoutek ta nace sai an sa mata shuɗin baba. Maƙwabciyarta Rakiyatu ta ce kwana shida Iyatu tana wanke zaren nan, sai da ruwan ya fito garau ta yarda ya taɓa farin ƙyalle. Rakiyatu ɗin ce kuma ta ga ranar da ta warware aikin mako guda saboda ta yi kuskuren zare ɗaya, kuskuren da ba mai ganinsa sai ita.

Da Turawa suka daina zuwa, na ɗauka kasuwarta ta mutu, kuma ban yi baƙin ciki ba. Sai ga matan 'yan kasuwa da matan ma'aikatan ofis suna cika taksi zuwa Tahaggart. Mazan da ke kawo mini riguna suka fara tambayata ko na iya irin na Iyatu. Wannan tambayar ce ta cinye ni.

Wata rana a 1994, a rumfar shayi ta kasuwa, wani ya ɗaga mayafin tebur na aikinta ana ta sha'awa. Na karɓa, na ɗaga shi a rana, na ce, "Ku dubi tsakanin ramukan nan. Me kuka gani? Gicciye ne jere reras. Aikin coci ne kuke shimfiɗawa a ɗakunanku." Na san ba haka ba ne tun kafin in rufe baki. Kowa kuma ya san waɗancan shekarun da ake kashe mutane a ƙasar nan da sunan addini, magana irin wannan tana iya jawo wa mutum abin da ya fi rasa ciniki. Taksi suka daina tsayawa a ƙofarta. Matan da take koya wa kyauta, yawancinsu 'yan Najeriya masu jiran hanyar wucewa arewa, mazansu suka hana su zuwa. Aka riƙa yi mata sallama daga nesa.

Sau ɗaya ta tanka mini. Ta tsaya a bakin shagona da kwandon cefane, ta ce, "Malam Tijani, an ce ka ga gicciye a aikina."

Na ce, "Abin da ido ya gani na faɗa."

Ta ce, "To cire rigarka ka duba. Zaren tsaye ne ya gitta na kwance, daga wuya har ƙasa. Ko ita ma daga coci ka sayo ta?"

Masu shagon gefe suka yi dariya, amma dariya ba ta maido mata da ko mutum ɗaya ba.

Bayan shekara biyu Alhaji Abdulbaƙi, wani babban ɗan kasuwa, ya sami jikan fari. Ya kawo mini ƙyalle mai tsada daga Alje, babban birni, ya ce, "Malam, shimfiɗar jariri nake so ranar suna. Irin na matar nan, amma kai ka san yadda za ka yi shi na Musulunci." Na karɓa da girman kai. Na zana da alƙalami kamar yadda na saba, na jera tubala suka yi kyau a ido, ban ƙirga ba. Da na sa almakashi na ja zaren farko, sai ya zarce ta gefen tubalin da ya kamata ya tare shi, ya tafi har bakin ƙyalle. Na ja na biyu, haka. Tsakiyar shimfiɗar ta fara sakwarkwacewa a hannuna, saura kwana uku suna.

Bayan la'asar na hau taksi zuwa Tahaggart, na tsaya a zaure na yi sallama. Ta fito, ta karɓi ƙyallen, ta juya shi sau biyu.

"Wa ya yi wannan ta'asa?"

"Ni ne, Yaya."

"Da alƙalami? Malam, wannan ba wuyan riga ba ne. Ƙyallen nan ba ya jin zane, ƙirga yake ji." Ta ƙara dubawa, ta ce, "Na ga naka ma da gicciyen ya fito. Dawo jibi."

Ta zaro zare daga bakin ƙyallen, ta mayar da kowane zaren da na yanke, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har saƙar ta koma kamar ba a taɓa ba. Ta wanke tawadar, ta sake jera tubalan, ta cika ramukan da idon kurciya ruwan shayi. Ranar suna Alhaji ya ɗaga shimfiɗar a gaban jama'a yana cewa, "Kun ga aikin namiji mai tsoron Allah!" Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Shekara goma sha ɗaya ina amsa wannan yabo. Ita kuma ta ci gaba da zama a gindin katangarta, mata suna dawowa ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, ba ta faɗa wa kowa ba.

Yaya Iyatu, ke ce mai ƙirga kafin yanka. Kin riƙe abin da zai rufe shagona cikin yini ɗaya, kika bar shi a bakinki. Da kin tona ni, da na sami dalilin ƙinki. Ko wannan ba ki ba ni ba, kuma shi ya fi ƙona ni.

Makon jiya na je neman gafara. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ni na yafe tuntuni. Amma a ina ka faɗi maganar?"

Na ce, "A rumfar shayi."

Ta ce, "To me ka zo yi a zaurena?"

Ranar Juma'a bayan masallaci na tsaya a rumfar, Alhaji Abdulbaƙi yana zaune, na faɗi duk abin da ke cikin takardar nan. Ya ajiye kofinsa ya tashi. Na rubuta ne don waɗanda ba sa wurin.

Ku mata, saura 'yan makonni ta tafi, kuma bakinta da yatsunta suna nan lafiya ko da ido ya gaza. Ku je ku zauna a tabarmarta da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Ku koyi ƙirgar, ku koyi riƙe baki. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, in wani ya fi ku, ku kira ciwon da sunansa, kada ku naɗa masa rawani ku ce addini ne.

Yaya Iyatu, na gode. Allah ya saka miki, ya kai ki Damagaram lafiya. Har yau in na ga aikinki ƙirjina yakan yi zafi, wannan ya rage tsakanina da Ubangijina. Sunanki kuwa, na mayar miki da shi a inda na ɗauke shi.