Ruwan da ya ishi Baffa

Jiya na zura guga a rijiyarmu da ke bayan Geza, ya fito da laka zalla. Warin lakar ne ya tuna mini da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya gina ta.

Baffa ba ya haƙa sai yana ɗanɗana ƙasa. Ranar da ramin ya fara sanyi, yana ciki, ni ina baki ina jan kwandon ƙasa. Ya lashi yatsa, ya tofar, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, akwai ruwa, amma gudunmu yake yi. Ni dai zai ishe ni. Kai kam ban sani ba."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Kuma ya ishe shi, don da ruwanta muka wanke gawarsa.

Bara masu injin burtsatse suka zo, suka ci karo da dutse, suka tafi. Yanzu shanu sun rame, 'ya'yana suna maganar tsallakawa Benin da su. Ba ni da bakin hana su.

Allah ya sanyaya kabarinka, Baffa. Mu kuma Allah ya sa akwai ruwa inda za mu.