Falalu Mai Jirgin Hoto, Wanda Ya Ƙi Leƙa Gidan Kowa

In an idar da sallar asuba a masallacinmu na unguwar Ogui a Enugu, Malam Falalu ba ya komawa barci. Shagonsa yake wucewa, wani ɗan ɗaki tsakanin teburin mai shayi da rumfar Madam Obiageli, wata mata Ibo mai sayar da garin rogo. Ya share ƙofa, ya goge gilasan kyamara, in akwai wuta ya jona batura a caji. Kafin rana ta yi zafi ya sallami masu okada da 'yan dako da suka zo hoton fasfo. A wannan sana'a ya tsufa a Enugu, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu.

Amma ba fasfo ne ya sa nake wannan rubutu ba. Jirginsa ne: ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirji, wanda matasa ke kira diron, manya kuma suke cewa jirgin hoto. Da furfurarsa ya saye shi, don sha'awa kawai. Ya ce ya gaji da ganin garin nan daga ƙasa, yana so ya ga yadda tsaunukansa suke daga sama kafin ya mutu.

Abin da mutane suka fara lura da shi, Malam Falalu ba ya tashin jirgi sai ya bi gidajen da ke kusa. Mahaifiyata, Hajo, har yau tana kwaikwayon muryarsa:

"Salamu alaikum, masu gida. Falalu ne. Bayan la'asar zan tashi jirgi a filin ƙwallo. Ba zai bi ta kanku ba, amma za ku ji ƙararsa, kada hankali ya tashi."

Haka yake yi wa maƙwabtanmu Ibo, da Pijin ɗinsa mai karin Kananci. Duk wanda ya san gidajenmu ya san dalili. Tsakar gida a buɗe take, banɗaki ba rufi, mata suna wanki da ɗaurin ƙirji. Ba ya kusantar filin jirgin sama ko bariki, ba ya kuma ratsa kan taron jama'a. Wasu suka riƙa yi masa dariya, suna cewa tsohon nan tsoro ya yi masa yawa, ai sama ba ta kowa ba ce.

Ba su ga ranar da Shafi'u ya yi kuka ba. Shafi'u mai tura baro ne a Kasuwar Artisan, kuma tsohuwarsa a ƙauye ta kasa samun natsuwa, tana ganin ɗanta a daji yake kwana. Malam Falalu ya tsayar da shi a fili, ya ɗaga jirgi a hankali har garin ya bayyana a bayansa, tituna da benaye da hasumiyar masallaci, Shafi'u yana tsakiya yana ɗaga hannu. Aka tura wa tsohuwar hoton ta waya. Ta aiko da saƙon murya tana cewa, "Ashe gari ne sosai! Har da masallaci!" Ƙaton mutum ya zauna a bakin shago yana share hawaye.

Sai bikin 'yar Alhaji Yero ya zo. Alhaji Yero babban dillalin shanu ne, mutumin da ba a saba ce masa a'a ba. Ya kira Malam Falalu ya ce yana son jirgi ya zagaya unguwa gaba ɗaya, duniya ta ga yawan motocin da suka zo masa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ƙofar gidanka zan ɗauka, da titi in an ba ni hanya. Amma in na zagaya unguwa, cikin gidajen mutane zan ɗauka."

"To sai me? Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Alhaji."

Alhaji Yero ya ce ya tashi ya ba shi wuri. Ya aika Fatakwal aka zo masa da wani mai jirgin, wanda ya yi abin da aka sa shi. Kafin a watse daga biki bidiyo ya shiga wayoyi. A cikinsa, bayan motoci da makaɗa, ga bayan gidan Madam Obiageli, wanda yake jingine da katangar Alhaji, ga ta ta fito daga wanka da zani ɗaya.

Washegari da hantsi magana ta canja kama. Aka daina zancen biki, aka koma cewa Hausawa suna leƙen gidajen mutane da jirgi, suna shirya wani abu. Wanda ya zauna a Kudu ya san irin wannan magana, ya san kuma inda take iya kai mu. Mahauta suka fara rufe rumfuna. Samarin gari suka taru, kuma da yake mai jirgi ɗaya suka sani, shagon Malam Falalu suka nufa. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Baba, ka bi ta baya, ka jefa abin nan a kwata!"

Kai ne, Malam Falalu, ka ce ba inda za ka. Kai ne ka ɗauko jirgin ka ajiye shi a kan benci a ƙofar shago, inda kowa zai gani, ka zauna kusa da shi. Waɗanda suka ce tsoro ya yi maka yawa, a ranar daga bayan labule suke leƙe.

Da samarin suka iso suna ihu, wadda ta tare su ita ce wadda aka wulaƙanta. Madam Obiageli ta fito daga rumfarta, idonta jawur, ta tsaya a gabansa. Ta yi musu magana da Ibo, ta maimaita da Pijin don mu ma mu ji. Ta ce mutumin nan bai taɓa tashin jirgi ba sai ya tambaye ta, kuma jiya tun safe yana shagonsa yana ɗaukar fasfo. Ta ce wanda zai taɓa shi sai ya fara da ita. Suka yi ta gunaguni, amma suka ja da baya.

Da wani ne, nan zai gode wa Allah ya kulle shago. Malam Falalu ya ce mata ta sako gyalenta, ya raka ta har gidan Alhaji Yero. Alhaji ya fito a fusace.

"A kan matar da ba tamu ba za ka zo ka tozarta ni a ƙofar gidana?"

"Alhaji, da Hajiyarka ce a bidiyon nan, da me za ka yi wa wanda ya ɗauka?"

Daga ƙarshe Alhaji Yero ya ba Madam Obiageli haƙuri a gaban mutane, ya sa aka bi dangi da abokai a goge. Ba duka aka samu ba, kuma Madam Obiageli ta yi watanni ba ta son haɗa ido da maza a kasuwa. Wannan tabo yana nan.

Bayan sallar Juma'a dattawan unguwa suka yanke cewa daga yau kada Bahaushe ya sake tashin jirgin hoto a nan, don a zauna lafiya. Malam Falalu ya miƙe, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Iyayena, ku yi haƙuri, ban yarda ba. Wanda ya yi ɓarna a hukunta shi. Amma in na ɓoye jirgina, na amsa cewa ni ɗan leƙen asiri ne. Yau jirgi, gobe kyamara, jibi a ce mu riƙa tafiya kai a sunkuye. A garin nan aka haifi 'ya'yana. Ni ba ɓarawo ba ne a cikinsa."

Ranar Lahadi ya gayyaci kowa filin ƙwallo, har da samarin da suka zo dukansa. Ya tashi jirgi, ya juya musu allon suna kallon duk abin da kyamara take gani. Suka ga tsaunuka, suka ga layin dogo, ba su ga tsakar gidan kowa ba. Wanda ya fi kowa ihu ranar da suka je shagonsa shi ne ya roƙa a koya masa. Dokar dattawa ta mutu ba tare da an soke ta ba.

A bana ya ajiye tashin jirgi. Wata la'asar ya ɗaga kai ya nemi jirginsa a cikin gajimare ya rasa, sai da wani ya nuna masa. Yanar ido ce ta fara tare masa gani. Ya sauke shi, ya naɗe farfelun, ya ce abin da ba ya gani ba zai tuƙa shi a kan 'ya'yan mutane ba. Babu wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. Ya miƙa wa babbar 'yarsa, Ilham, wadda take ɗaukar hoton bukukuwan mata.

Malam Falalu, mai rufa asirin maƙwabta, mun gode. Matan Ogui sun gode, Hausawa da Ibo. Ka nuna mana cewa mutum zai iya girmama jama'a ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Allah ya sa aikin idon da za a yi maka ya yi kyau, ya ba ka lada.

Ku kuma matasanmu na Trans-Amadi a Fatakwal da na Onitsha da kuke sayen jiragen nan kamar wayar hannu, ba wanda ya ce ku ajiye. Ku tashe su da rana tsaka, kowa yana gani. Amma ku sani, kuskuren mutum ɗaya a nan Kudu, unguwa guda ce take kwana da fargabarsa. In hannunku ba zai iya kau da kyamara daga gidan maƙwabci ba, ku bar jirgin a kwalinsa, ku zo Ogui. Tsohon yana nan a kan benci, kuma bakinsa bai yi yana ba.