Geron Gonar Aro

Shekarun baya, kafin farin da ya ƙone amfanin ƙasar nan, ƙanena ya samu gurbin karatu a jami'a a Zariya. Malamin firamare ne a Gaya, da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma albashinsa ne ke riƙe da mahaifiyarmu. Gwamnati za ta ɗauki nauyin karatunsa, amma in ya tafi albashi ya tsaya. Iyalinsa kuwa ba za su daina cin tuwo don maigida ya tafi karatu ba.

Ni ban yi boko ba. Fartanya na sani, sai jaki. Duk da haka ni aka ɗora wa neman masu taimako a garinmu Gafasa da kewaye. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai? Da wannan fuskar taka za su zaci haraji ka zo karɓa."

Wanda ya fara amsa mini wani tsoho ne, abokin marigayi mahaifinmu, mai sayar da gishiri da kanwa a kasuwar Ajingi. Na durƙusa na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ɗana, aljihuna ka san shi. Amma ina da gona a bakin fadama. Na ara muku har yaron ya gama." Da mutane suka ji haka, kowa ya kawo ƙarfinsa. Duk damina a yi gayya a nome gonar, geron ya tafi rumbun ƙanena.

Samun mutanen bai ba ni wuya ba, riƙe su ne aiki. Wanda ya sunkuya maka a gona bana ba zai dawo baɗi ba in ka manta ƙofar gidansa. Sunan ɗan wani, ina can. Jana'iza, ina can. Gayyar wani, fartanyata ce ke fara sauka. In an yi girbi, damin farko na tsoho ne, kamar yadda ake yi wa mai gonar aro. In ƙanena ya zo hutu, sai in tasa shi gaba gida-gida ya gaida kowa, ya zauna a ƙasa, ya sha ruwansu.

Tsoho ya fi kowa jin daɗin zuwansa.

"To, na Zariya, an kai ku darasin saukar da ruwan sama, ko har yanzu baƙaƙe ake koya muku?"

"Baba, wannan sai baɗi."

"Ka yi sauri dai, kafin mu bushe."

Saura shekara guda ya gama, fari ya zo. Aka yi shuka, ruwa ya ɗauke. Gero ya yi ja ya kwanta. Gonata ban cire ko iri ba. Ta bakin fadama ce kaɗai ta yi wani abu, wanda in an yi tattali zai kai gida ɗaya damina. Gida ɗaya, ba biyu ba.

Kafin girbi tsoho ya rasu.

Na je zaman makoki. A irin wannan zama maƙwabta kan aiko da fura da koko. Ranar ruwa kawai aka zagaya da shi a ƙwarya. Na shiga ciki gaida matarsa. Ganyen tafasa da dusa na gani a tukunya. Jikokinsa na kwance a inuwar rumbu, ba wasa, ba kuka.

Babban ɗansa, sa'ana ne, ya ja ni gefe.

"Kada ka damu da maganar gona. Baba ya bar wasiyya. Ba mai taɓa ta, ba mai taɓa abin da ke cikinta, sai ɗan makaranta ya gama."

"Ku fa?"

"Allah na nan."

"Na san yana nan. Me kuka ci jiya?"

Ya juya ya koma wurin masu gaisuwa.

Ranar girbi muka ɗaure dammuna, muka ɗora wa jakuna. Da muka fito hanya na karkata su zuwa Ajingi, gidan tsoho. Ɗaya daga cikin 'yan gayya ya sha gabana.

"Malam, ka ɓata hanya ne? Mu ba don gidan mai kanwa muka ci rana ba."

Na ce, "A ƙasar wa ka ci ranar?"

Ya kauce. Wasu suka bi ni, wasu suka juya gida suna zagina.

A ƙofar gida ɗan tsoho ya tare ni. "Wasiyya ce fa, ɗan'uwa. Kana so ka sa mu saɓa wa mamaci?"

"Ku ta ɗaure. Ni ba a bar mini komai ba."

Na sauke kayan a zaure na tafi.

Na ba direban motar kasuwa saƙo, ƙanena ya zo. Ya tarar da rumbunsa wayam, matarsa na dama ɗan abin da ya rage da ruwa mai yawa. Bai ɗaga mini murya ba. Bai taɓa ɗagawa ba.

"Yaya, saura mini shekara guda."

"Na sani."

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ka, me za ka ce?"

Ya tashi ya shiga ɗaki ya kwance akwatinsa.

Ya koma koyarwa a Gaya, don 'ya'yansa su ci. Ya ce in an samu sauƙi zai koma Zariya. Sauƙin bai zo da wuri ba. Ciwo ya kama gyaɗa, mahaifiyarmu ta kwanta, 'yan gayya suka watse, rabinsu ba sa amsa mini sallama. Bai koma Zariya ba. A gidan tsoho kuwa, duk da geron, ƙaramar jikarsa ba ta ga damina ba. Sauran sun rayu.

Yanzu ina jin masu neman taimako don manyan makarantu a rediyo, suna ta kiran sunayen masu bayarwa ana tafi. Ban ce laifi ba ne. Abin da na sani shi ne, in ka karɓi abin mutum shekara da shekaru, ka shiga gidansa ke nan. Ranar da tukunyarsa ta bushe, ba za ka ce ba ka gani ba. Kuma ba koyaushe ne mai yanke hukuncin ke biyan wannan ba. Ni na yanke, ƙanena ya biya.

Har yau duk Sallah yana zuwa gaishe ni. Ya tsufa shi ma, amma sai ya durƙusa. Yakan tambayi lafiyata da ta iyali, in tambayi tasa. In aka kawo abinci, sai ya ce Alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Tun waccan shekarar bai sake sa hannu a kwanon gidana ba.